Fuskata ta rikice bayan na daina shafa man bilicin

'Yar Tudun Wada: Assalamu alaikum. Shekara 2 ina shafa man da ke ɗauke da clobetasol (wani maganin fata mai ƙarfi), amma da na daina, fuskata ta kama raɗaɗi, ƙananan ƙuraje suka feso a gefen bakina. Yaya zan kula da ita?

Hajiya daga Samaru: Sannu, 'yata. Ki riƙa wankewa da ruwa mai ɗumi kawai, ki ajiye dilka da hoda tukuna, ki shafa mai marar ƙamshi, tunda hunturu ya kankama.

Ma'aikacin jinya: Malama, kada ki koma wa man bilicin nan, domin sauƙinsa na ɗan lokaci ne, kuma yana sirantar da fata. Ki ga likitan fata a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya. Sukan rubuta doxycycline, maganin kashe ƙwayoyin cuta, na wasu makonni, in dai babu juna biyu.