Likita ya ce sai an yi min aiki, kuma ina kan maganin kanjamau

Mai tambaya: Salam 'yan uwa, dan Allah a ɓoye sunana. Shekara 4 kenan da aka gano ina ɗauke da cutar, a awon cikin fari aka faɗa min, ranar ko takalmina ban san inda na baro shi ba, an gwada maigidana ba shi da ita kuma bai taɓa goranta min ba Allah ya saka masa, yaron ma da kaina na haife shi lafiyarsa ƙalau. To yanzu cikina wata 8, jiya likita ya duba takardar gwaji ya ce a sati na 38 za a yi min aiki. Ni kuma na ji ana cewa irinmu ɗinki ba ya kamewa, ruwa yake yi. Wallahi ban runtsa ba. In yarda ko in ƙi?

Maman Tagwaye: Kar ki sake ki yarda ƙanwata! Nima ina kan magani, haihuwa uku duk da kaina, ba wanda ya ɗauka. Likitocin yanzu da sun ga irinmu sai wuƙa.

Anti Nas: Lamba nawa aka rubuta a gwajin yawan ƙwayar cutar? In ta haura 1,000 gab da haihuwa shi ne ake shirya aiki a sati 38, kafin naƙuda ta taso faya ta fashe, don kare jariri. In kuwa ba a ganinta a jini, cutar kaɗai ba ta isa dalilin aiki ba. Haɗarin kam akwai, ɗinki ya yi mugunya, zazzaɓi, mahaifa ta kamu da ƙwayoyin cuta, jini ya yi ƙasa har a ƙara miki, kuma ya fi samun wadda CD4 ɗinta, wato ma'aunin ƙarfin garkuwar jiki, ya faɗi ƙasa da 200. Amma aikin da aka shirya, aka yi allurar kashe ƙwayoyin cuta kafin a yanka, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan na gaggawa bayan an sha naƙuda.

Ummu Ɗaya: Hmm ni nawa sati uku yana tsatsafo da ruwa, amma ba wannan ne ya ƙona min rai ba, wata ma'aikaciya ce da ta zo wanke min ciwon sai da ta ɗora safar hannu biyu tana ɗaga murya gaban 'yan dubiya. Har yau ban yafe ba.

Mai tambaya: Anti ban riƙe lambar ba, fayil ɗin yana wurinsu. Amma fa ina shan magani, farkon ciki ne kawai na ajiye kamar wata uku saboda amai, ko ruwa ba ya zama.

Anti Nas: Wata uku?? Kin faɗa wa likitan?

Mai tambaya: Bai tambaya ba ai. Kuma ba da gangan na yi ba, duk wadda ta san laulayi ba za ta ga laifina ba.

Maman Tagwaye: Rabu da su, nima nakan tsallake kwana biyu ba abin da ya same ni. Ki zauna a gida sai naƙuda ta kankama sannan ki je, ba yadda za su yi da ke.

Anti Nas: Haba Maman Tagwaye, kwana biyu da wata uku ɗaya ne? Wannan shawarar taki ita ce za ta kai ta ga aikin gaggawar da nake faɗa. Ƙanwata ki koma ki karɓo lambar.

Mai tambaya: Sai Litinin nake da awo. Maman Tagwaye ke a wane sati naƙudarki take zuwa?