Jinyar uwar mijina ta hana ni zuwa Zumuntar Mata, wai na ja da baya

Maman Rahila:
Salama gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Uwar mijina ta samu shanyewar ɓarin jiki tun kafin Kirsimeti, aka ɗauko ta daga ƙauye aka kawo ta gidanmu. Ni ke mata komai: wanka, canjin zane, ba ta kunu da cokali, zubar da fo. Maigida direba ne, sai ƙarshen mako yake kwana a gida. Ƙannensa mata suna nan cikin gari, amma sai ran Lahadi su zo da lemo a leda, su ce "sannu da ƙoƙari", su kama gabansu.

Da ni ce ma'ajin Zumuntar Mata, ni ke buga tulu in za mu yi waƙa. Yanzu ko sujadar Lahadi da ƙyar nake samu. Shekaranjiya wata 'yar zumunta ta tare ni a kasuwa ta ce, "Kin ja da baya fa, aikin Ubangiji ba ya jira." Maganar ta tsaya mini a wuya.

Ga kuma wani abu. Mama ba ta taɓa sona ba, ita ce ta so a fasa aurenmu. Wani lokaci ina goge mata baya ina jin haushi. To hidimar da aka yi da ɗacin rai, Allah yana karɓa? Ko in nemi 'yar aiki in koma zumunta?

Dattijo daga Mubi:
'Yata, sannu da aiki. Ni ɗan EYN ne, Ekklesiyar 'Yan'uwa, wadda ta soma a Garkida a 1923 da sujada a gindin tsamiya. Mu har yau muna wanke wa juna ƙafa idan za mu ci Jibin Ubangiji, maza gefe guda, mata gefe guda. Ka ɗaura tawul a ƙugu, ka durƙusa gaban kwano, ka kama ƙafar na kusa da kai. Na sha wanke ƙafar manomi mai kaushi da faso, na kuma ga babban ma'aikaci ya durƙusa wa mai gadinsa. Amma mu namu na 'yan mintoci ne, kowa ya riga ya yi wanka daga gida, an gama a rungumi juna a yi waƙa. Ke naki kullum ne, ba mai kallo, ba mai tafi.

Ki buɗe Yohanna sura 13 ki bi a hankali. Yahuza, almajirin da zai ci amanar Yesu, yana zaune a wurin lokacin da Yesu ya zuba ruwa a kwano don wanke ƙafafun almajiransa, sai a aya ta 30 ya fita. Ubangiji ya san abin da ke zuciyarsa, bai tsallake ƙafarsa ba. A aya ta 35 kuma, alamar da ya ce za a gane almajiransa da ita ita ce ƙaunar juna. Bai ce rajistar halartar taro ba. Haushin nan ki riƙa faɗa wa Allah shi kai tsaye, kada ya sa ki ajiye cokalin.

Anti Saratu:
Baba, na yarda da kai, amma kada mu lallashe ta da aya mu bar ta ta karye. Ina ƙannen mijin? 1 Timoti 5:4 ta ce 'ya'ya da jikokin gwauruwa su ne za su fara sāka wa iyayensu. Maman Rahila, ki zauna da Baban Rahila, shi ya tara ƙannensa, a raba kwana. Tawali'u ba ya nufin ki yi shiru ki mutu a tsaye. Ko a Ayyukan Manzanni sura 6, da aka ga ana mantawa da wasu gwauraye wajen rabon abinci, ai magana aka yi, aka zaɓi mutum bakwai har da Istifanus.

Ita kuma mai maganar kasuwa, da ta zo ta karɓi wankin zannuwa ko sau ɗaya, da na saurare ta. Mu mata mun iya ɗinka anko, mu tara kuɗin taron shekara, amma ziyarar mara lafiya sai mu rera waƙa biyu mu sha ruwa mu tashi. Ki gaya wa Mama Fasto a fili cewa kina bukatar mai zama da Mama ran Lahadi.

Nas Bulus:
Yaya, ni ta fannin aikina zan shigo. Ki riƙa juya ta duk bayan awa 2, ki duba ƙugu, diddige da gadon baya, nan gyambon kwanciya ke farawa. In kin ga wuri ya yi ja ko ya yi duhu bai washe ba, a kai ta asibiti. Kada ki ba ta kunu tana kwance, ki tayar da ita zaune, don masu wannan ciwo suna saurin shaƙewa. Maganin hawan jini kuma kada a tsaya da shi. Ɗaga ta zuwa banɗaki aikin mutum biyu ne, in kika ci gaba ke kaɗai bayanki zai tafi.