Daga gansakuka zuwa kada: ina makamashin ke zuwa?

Malamin kimiyya:
Sallama gare ku, ma'abota baiti,
Ga lissafi daga tafkin Chadi, ku saurara.
Hasken ranar da ke sauka kan ruwa,
Kusan kashi 1 cikin 100 gansakuka ke tara.
A ce ta adana makamashi awo 10,000,
Karfasa ta ci, 1,000 ne a jikinta ya saura.
Giwan ruwa ya haɗiye ta, ya tsira da 100,
Kada ya cafke shi, awo 10 kacal ya mora.
To sauran fa? Amsarku nake jira.

Masunci:
Malam, karfasa ba ta cinye gansakuka duka,
Da yawa tana mutuwa ta kwanta cikin laka.
Abin da ta ci ma ba duka ke narkewa ba,
Wani ya fita kashi, ruwa ya ɗauka.
Shi ya sa taru ke cika da karfasa,
Giwan ruwa ɗaiɗai, kada kuwa sai ka leƙa.

Likitar dabbobi:
Baba, ka tsallake babbar kafar yoyo,
Numfashi ne ke cin kaso mafi yawa.
Iyo, farauta, bugun zuciya, gudun tsira,
Duk abinci ake ƙonawa.
Ya zama zafi ya bi ruwa da iska,
Abin da ya fita a haka ba ya dawowa.
Kaza na riƙe jikinta a digiri 41,
Ko tana kwance, abinci na ƙarewa.
Kifi kuwa ɗumin ruwa yake bi,
Shi ya sa nasa rabon ya fi zaunawa.

Mai kiwon tarwaɗa:
Hajiya, sikeli ya gaskata zancenki:
Kilo 1 da rabi na abinci, kilo 1 na tarwaɗa.
Kazar nama kusan 2, sa kuwa 6 ko fiye.
Amma kar wannan lissafi ya ruɗa,
Abincin busasshe ne, tsoka galibi ruwa.
In ka zuba ya wuce kima, ragowar ta ruɓe ta gauraya,
Ƙwayoyin ruɓewa su shanye iskar ruwan,
Da asuba kifi na sama, baki buɗe, cikin wuya.

Malamin kimiyya:
Madalla. Masani Raymond Lindeman ne ya wallafa wannan lissafi a 1942,
Daga wani tafki a Minnesota ta Amurka ya auna.
Kashi 10 cikin 100 da ke kaiwa hawa na gaba matsakaici ne fa,
Wani wurin 5, wani 20 kan zauna.
Da wuya sarƙar abinci ta wuce hawa huɗu ko biyar,
Na sama ba zai sami abin da zai tauna.

Likitar dabbobi:
Malam, akwai abin da ke hawa yana ƙaruwa,
DDT, maganin ƙwari mai maƙalewa a kitse.
Numfashi ba ya ƙona shi, fitsari ba ya wanke shi,
Yana nan daram ko kifin ya rame ya motse.
Giwan ruwa ya ci karfasa ɗari,
Gubar ɗarin a jikinsa ta taru ta cushe.