Ɗalibanmu suna zubewa bayan aji uku na ƙaramar sakandare, me za mu yi?

Malamin Lissafi:

Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata sakandare ta jeka-ka-dawo a wani gari da ke kan hanyar Gombe zuwa Dukku, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk shekara ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare yakan cika maƙil har wasu su zauna a ƙasa, amma da zarar an koma sabon zango sai mu ga bencina babu kowa a ajin farko na babbar sakandare. Waɗanda suka dawo ma, da damina ta kankama sai su fara fashi suna tafiya aikin barema a gonakin mutane, da kaka kuma a tafi roron wake da cirar gyaɗa, wasu daga nan ba mu sake ganinsu ba. Mun yi wa'azi a taron safe har mun gaji. Ina neman shawarar waɗanda suka gwada wani abu ya yi aiki, musamman abin da malami zai iya yi ba tare da jiran kuɗi daga sama ba.

Tsohon Shugaban Makaranta, Kumo:

Wa alaikumus salam, Malam. Gurbin da ka ambata yana da tushe a cikin tsarin kansa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta wajabta karatu kyauta na shekara tara ne, wato shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, saboda haka iyaye da yawa suna ɗaukar cewa yaro ya sauke nauyi idan ya kai nan. Ga shi kuma manyan sakandare ba su kai ƙananan yawa ba, sai yaron da yake taka ƙafa zuwa makarantar garinsu ya wayi gari yana buƙatar kuɗin mota ko na achaba kullum, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 wannan kuɗin ya fi ƙarfin magidanta da dama. A gaba kuma uba yana hango kuɗin rajistar WAEC da NECO, yana lissafin buhu nawa na masara zai sayar.

Abin da na gani a shekarun aikina shi ne, yaro ba ya barin makaranta rana ɗaya. Yakan fara da fashin ranar kasuwa, sai ya zama kwana uku, sai mako guda, kuma a duk tsawon lokacin babu wanda ya tambaye shi lafiya. Mun kafa ƙa'ida cewa duk wanda ya yi kwana uku a jere ba a gan shi ba, malamin ajinsa zai je gidansu da kansa, ba aike ba, ya gaisa da mahaifinsa cikin girmamawa ya tambayi dalili. Idan abin ya ci tura sai mu shigo da mai unguwa da limamin masallacin Juma'a ta hannun kwamitin kula da makaranta, domin maganar da uba zai ƙi ji daga bakin malami matashi yakan ji ta daga bakin dattijo. Littafin kiran suna shi ne makaminka na farko, da sharaɗin a cika shi da gaskiya. Na san malamai masu cike shi ranar Juma'a daga ka, amma wannan wani zance ne daban.

Uwar 'Yan Mata, Bajoga:

Baba ya faɗi gaskiya, sai dai lamarin 'ya'ya mata yana da nasa fuskar da maza ba su cika lura da ita ba. Yarinyar da ta fara al'ada, idan makarantarsu ba ta da banɗaki mai ƙofa da ruwa, za ta zauna a gida kwanaki huɗu ko biyar kowane wata, kuma ba za ta taɓa gaya wa malami namiji dalili ba, sai dai ta ce zazzaɓi ne. A haka darasi yake wuce ta har ta yanke ƙauna. Sannan uwa da ta dogara da tallar 'yarta wajen tara kayan ɗaki ba za ta sake ta don an ce mata ilimi yana da amfani ba, sai an zauna da ita an nemo hanyar da tallar za ta koma yamma. Shirin AGILE na bunƙasa karatun 'yan mata, da Bankin Duniya yake tallafawa, wanda ya iso jihohin Gombe da Bauchi, an gina shi a kan irin waɗannan matsaloli, wato gyaran ajujuwa da banɗakuna da tallafin kuɗi ga iyalai marasa ƙarfi, don haka yana da kyau shugabanku ya bincika ko makarantarku tana ciki. Batun aure kuwa, ni ban ga amfanin faɗa da iyaye a kansa ba. Abin da na ga ya yi tasiri shi ne waliyyi ya sanya ci gaba da karatu cikin sharuɗɗa tun ranar tambaya, a gaban shaidu. Ku nemi malama mace ko da guda ɗaya ce, wadda 'yan mata za su iya yi wa magana.

Mai Gyaran Lantarki, Gombe:

Allah ya gafarta Malam, ni ina cikin waɗanda suka bari, a aji ɗaya na babbar sakandare, kuma ba talauci ne ya kore ni ba, ko da yake haka na riƙa gaya wa mutane. Gaskiyar ita ce na kai wannan matsayi ban iya karanta sakin layi guda na Turanci in fahimta ba. Ina kwafe abin da ke kan allo kamar mai zane, ana ciyar da ni gaba kowace shekara, kuma ranar da wani malami ya tsayar da ni in yi karatu 'yan aji suka fashe da dariya, ranar na yanke shawara. A waje kuwa sa'o'ina masu achaba suna komawa gida da kuɗi a aljihu, wasu kuma sun faɗa cikin 'yan Kalare, wato 'yan dabar Gombe, waɗanda suke ba yaro irin girman da aji ya hana shi. Allah ya taimake ni wani kawuna ya kai ni wurin koyon sana'a, daga baya na shiga ajin yamma na manya, na zauna jarrabawar NECO ta masu zaman kansu.

Don haka ina ganin ziyarar gida kaɗai ba za ta wadatar ba, domin idan kun dawo da yaro cikin ajin da ba ya fahimtar komai, zai sake gudu. Ku gwada kowane sabon ɗalibi a keɓe, ba a gaban jama'a ba, ku ware waɗanda ba su iya karatu ba ku ba su rabin sa'a kullum, ku fara da Hausa kafin Turanci. Wanda kuma yake zuwa wurin sana'a da rana kada a mayar da shi abin zargi, a daidaita masa lokaci.

Malamin Lissafi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar ɗan'uwa mai gyaran lantarki ta taɓa ni, domin akwai yara uku a ajina da nake yi wa kallon malalata, kuma ban taɓa zama da ɗayansu na ji ko yana iya karanta tambayar da nake ba shi ba. Zan fara da su ranar Litinin in Allah ya kai mu. Baba na Kumo, ina da sauran tambaya: idan uba ya ce a biya shi abin da yaron yake samowa a barema kafin ya sake shi, me kuke ce masa?