Kocin ɗana ya cika jan sa a jiki, in cire shi daga ƙwallon ne?

Salam 'yan uwa, admin dan Allah a ɓoye sunana. Yarona shekararsa 13, yana buga ƙwallo a wata akademi nan Kano, duk cikin yaran shi koci ya ware, ya siya masa takalmin ƙwallo ya siya masa waya, yanzu kuma wai ya dinga kwana gidansa ranar Juma'a saboda tirenin ɗin asuba, har yace akwai ejan da zai fitar da shi Turai mu tanadi kuɗin biza. Yaron da in ana hirar ƙwallo bakinsa baya rufuwa yanzu ya koma shiru-shiru, wayar ma ya sa mata makulli. Babansa yace zargi ne irin namu na mata. Ya zan yi?

Wani tsohon ɗan ƙwallo: Hajiya kwana dai a'a, duk tirenin ɗin da nayi a rayuwata daga gidanmu nake fita. Maganar Turai kuwa dokar FIFA ta hana kulob ɗin wata ƙasa ɗaukar yaro ƙasa da shekara 18 sai da wasu 'yan sharuɗɗa, to ejan ɗin ta wace ƙofa zai bi? Kar ki bada ko sisi.

Wani memba: A dai ji tsoron Allah, zato zunubi ko da ya zama gaskiya, wasu kocin da aljihunsu suke riƙe yaran nan.

Wata ma'aikaciyar jinya: Malam ba wanda ya kira shi ɗan iska, amma kyauta da ware yaro ɗaya da kwana a gida, wlh sak hanyar da Barry Bennell ya bi a Ingila, kocin yara da iyaye ke rububinsa, a 2016 wani cikin yaran da ya girma ya fito fili ya faɗi abin da ya yi masa, 2018 aka yanke masa shekara 31 kuma duk maza ya lalata, mu nan 'ya mace kawai muke tsaro. Yar uwa kar ki titsiye yaron kar ki daka masa tsawa, ki zaunar da shi ku biyu kice ko me ya faru ba laifinsa bane kuma ba za ki raba shi da ƙwallo ba, tsoron nan ne ke rufe musu baki. In ya faɗi wani abu kar ku fara tunkarar kocin, kar a goge saƙonnin wayar, ku je cibiyar Waraka ta kula da waɗanda aka yi wa lalata dake asibitin Murtala a duba shi sannan 'yan sanda ko NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane.

Wata uwa: Ki tuntuɓi sauran iyayen a hankali, wa yake raka yaran in za a buga wasa a wani gari, ɗaki nawa ake kamawa?

Mai tambaya: Na gode Allah ya bar zumunci. Kwanan dai na hana, kawunsa zai dinga kai shi fili ya jira shi. Yaron bai ce komai ba tukuna, amma jiya da nace ba zai kwana ba sai naga ko musu bai yi ba.