Tsofaffin gem na kaset: me ake dubawa kafin a biya?

Nura: Assalamu alaikum 'yan zaure. Mai son fara tara tsofaffin gem irin su Mega Drive, Super Nintendo da Game Boy, me zai fara dubawa?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Adafta, Nura, tun kafin maganar kaset. Wadda ta zo daga Amurka ta wuta mai volt 120 ce, ta Japan 100, tamu kuwa 230. Ka soka ta kai tsaye, sai dai hayaƙi. Ko dai taransifoma mai rage wuta, ko sabuwar adafta mai karɓar 100 zuwa 240. Kuma a karanta rubutun ƙasan injin: Mega Drive na farko tsakiyar bakin adaftarsa nagatif ne, na biyu fozitif. Babban tarkon shi ne adaftar NES, wato injin Nintendo da ya gabaci Super Nintendo. AC take fitarwa, ga bakinta yana shiga Famicom (NES na Japan) da Mega Drive na farko ɗas, alhali su DC suke ci. Haka ake ƙona su.

Saratu: Gaskiyar Malam. A ƙara da yanki. Tsarin hoton talabijin na injin Ingila PAL ne, na Amurka da Japan NTSC. In hoto ya fito fari da baƙi, sau da yawa injin lafiyarsa lau, talabijin ɗin ce ba ta karanta launin NTSC. Ni dai na fi ba da shawarar NTSC, don wasanni da dama na PAL sun fi jinkirin tafiya da kusan kashi 17 cikin ɗari.

Nura: To kaset ɗin da ya ƙi tashi fa, a hura masa iska?

Saratu: Kul! Damshin baki ne ke cinye haƙoran kaset ɗin, wato 'yan ƙarafan da ke shiga cikin inji. A samu sipirit na isopropyl mai kashi 90 zuwa sama, a jiƙa tsinken auduga, a goge haƙoran gaba da baya har audugar ta daina baƙi, a bari ya bushe. Da ƙurar hunturu kuwa, kowane kaset ya kwana cikin leda mai zif.

Bashir: Yaya Saratu, a haɗa da gamebit, wato sukudireba na musamman na kwance kaset. Mai milimita 3.8 na buɗe kaset ɗin Super Nintendo da na Game Boy, mai 4.5 na buɗe na Mega Drive. Sai an buɗe ake gane jabu: a fanel ɗin cikin kaset na asali na Super Nintendo ko Game Boy za ka ga an buga Nintendo, jabu kuwa galibi ɗigon baƙin ƙaro ne a gurbin cif. A Game Boy ka karkata takardar gaban a haske, na asali akwai 'yar lamba da aka danna a jikinta. Mai kayan da ya hana a buɗe, a rage masa kuɗi ko a bar masa kayansa.

Malam Habu: Tunda an buɗe, a auna batirin da ke riƙe inda aka tsaya a wasa. Na Super Nintendo CR2032 ne. Na wasannin Game Boy Pokémon Gold da Silver kuwa CR2025, kuma sun fi saurin mutuwa saboda agogon da ke ciki. A sayi batir mai kunnuwa, a yi dalma a kan kunnuwan kawai, ban da jikin batirin, zafi na iya fasa shi.

Bashir: Kuma a sani, ana cire tsohon batir duk abin da aka adana ya tafi. In akwai na'urar kwafe kaset, a fara kwafewa tukuna.