Wilin akwatin gefe ya ƙi fita daga sandarsa

Mai Ural: Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Ina neman shawara a kan wani tsohon babur ƙirar Ural, irin mai akwatin fasinja a gefe, wanda na saya a hannun wani dattijo bayan ya sha damina da yawa a ajiye a bayan gida. Na so in cire wilin akwatin domin in duba boris, wato zoben ƙarfen da ke sa wilin ya juya a kan sandarsa. Na zare fil ɗin da ke kulle notin, na kwance notin, na cire washa, amma wilin bai gusa ko da faɗin farce ba, alhali yana juyawa lafiya idan na tura shi da hannu. Na bugi bakin sandar da guduma sau biyu, da na ga ƙarfen ya fara lotsawa sai na dakata.

Tsohon Makanike: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka kyauta da ka ajiye gudumar nan. Kaurin sandar milimita 20 ne, ramin boris ɗin ma haka, babu sarari a tsakaninsu, saboda haka da zarar bakin sandar ya baje, ko tsatsa ta saki wilin ba zai sami hanyar wucewa ba. Ka fara da goge wurin da ya lotsa da magagari har noti ya riƙa shiga da hannu. Bayan haka ka gano abin da ya riƙe wilin, domin abu biyu ne ke yin haka. Idan akwatin yana da birki, takalman birkin kan ci cikin kwanon birkin da ke jikin wilin har su bar gaɓa a bakinsa, su maƙale a bayanta. Alamar wannan ita ce wilin ya ɗan fito sannan ya koma kamar ana jan sa, maganinsa kuma a sassauta birkin gaba ɗaya. Naka da bai motsa ba sam, tsatsa ce ta haɗe zoben cikin boris da jikin sandar.

Mai Walda: Baba ya faɗi gaskiya. Ni a wurina wuta ce ke raba ƙarfe da tsatsa. A gasa bakin sandar da wutar gas, a bar shi ya huce, a maimaita sau biyu ko uku, domin kumburin ƙarfe da komawarsa shi ne ke farfasa tsatsar da ke ciki.

Tsohon Makanike: Malam, dabararka tana aiki, amma ina roƙo a sa ta a ƙarshe. Zafin zai narkar da giris, ya ƙona robar da ke tare ƙura, kuma boris ɗin da ya sha wuta ba a sake amincewa da shi. Ga tankin fetur kusa, ga kuma cibiyar wasu wilolin ta alminiyam ce. Ni da zan ba da shawara, a ɗaga akwatin da jak, a tokare firam ɗinsa da katako mai kauri, a sa duwatsu a tayoyin babur ɗin biyu, sannan a ɗura man sassauta tsatsa irin WD-40 ta bakin sandar. Wanda bai samu ba ya yi amfani da kananzir gauraye da ɗan man inji. A ɗura safe da yamma har kwana biyu, kowane lokaci ana juya wilin ana bubbuga gefen tayar daga ciki da guntun katako, ana zagayawa, kada a tsaya a wuri ɗaya.

Ɗalibin Injiniya: Iyayena, ku ba ni dama in ƙara abu ɗaya. Wannan babur jikan M-72 ne, wanda Tarayyar Sobiyet ta kwaikwaya daga BMW R71 na Jamus, aka kuma mayar da masana'antarsa daga Mosko zuwa garin Irbit a 1941 saboda yaƙi. Da yake don soja aka tsara shi, a tsofaffin masu birkin kwano duk wilolin iri ɗaya ne, inci 19, har da safaya da ke ɗaure a bayan akwatin. Don haka, Yaya, ka sauke safayar ka kwantar da ita a ƙasa ka duba cibiyarta da kyau, za ka ga yadda boris biyu suke zaune da bututun da ke tsakaninsu, ka kuma gane inda ƙarfen yake da kauri. A nan ne za ka maƙala faratan abin zaro boris, wanda makanikai ke kira fula, sukurinsa na tsakiya yana tokare da bakin sandar. Kada faratan su kama wayoyin wilin ko siririn bakin kwanon birki, domin wayoyin za su lanƙwashe, kwanon kuma yana iya tsagewa.

Tsohon Makanike: Madalla da wannan yaro. Abin da zan ƙara shi ne a mayar da notin a juye, a ɗaura shi har ya yi daidai da bakin sandar kafin a sa fula. Zai kare tiredin, wato haƙoran sandar da notin ke hawa, kuma zai tare wilin kada ya faɗo wa mutum a ƙafa idan ya saki. A ɗaure fula a hankali, a ɗan doki kan sukurin, a jira, a ƙara ɗaurewa.

Mai Ural: Allah ya saka muku da alheri. Na bi abin da kuka ce, na jiƙa shi kwana biyu, yau da hantsi na aro fula mai farata uku. A ɗauri na huɗu na ji wata ƙara kamar an karya busasshen kara, wilin ya gusa ya tsaya a jikin notin. Da na zare shi, sai na tarar da jar tsatsa ta yi zobe a daidai mazaunin boris na ciki, giris ɗin kuwa ya bushe ya zama kamar ƙasa.

Mai Walda: Alhamdu lillahi, ba a kai ga wuta ba. Ka goge sandar da samfefa mai laushi har boris ya riƙa shiga da turin hannu, ka canza boris ɗin duka biyu tare da robarsu, ka shafa wa sandar giris kafin ka mayar da wilin, kuma ka sa sabon fil, domin tsohon da aka riga aka lanƙwasa yana iya karyewa a kan hanya.